Jatan Lande a Firiza: Abincin Daren Ranar Aiki ga Sababbin Zuwa

Duk wanda ya kwana biyu a ƙasar waje ya san yadda daren ranar aiki yake. An tashi daga aiki ko daga aji ƙarfe shida, an bi jirgin ƙasa ko bas, an iso ɗaki jiki duk ya mutu. Idan lokacin sanyi ne a arewacin Turai ko Kanada, tun kafin ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Babu wanda ya ɗora tukunya, kuma ciki ba a ba shi haƙuri. A irin wannan dare ne sabon zuwa ke ɗaukar waya ya yi odar abinci, gobe ya sake, jibi ya sake, har ya waiwaya ya ga albashi ya zurare, jiki kuma bai ji daɗi ba.

'Yan'uwa, shawarar da nake ba duk wanda ya iso ita ce, kada firizarku ta rabu da ledar ɗanyen jatan lande. Ban san wani nama da ke tashi daga ƙanƙara zuwa faranti cikin minti ashirin kamar sa ba. Ba ya buƙatar yanka, ba sai an tafasa ba, ba a jiran ya yi laushi. Gram 100 na ɗanyensa na ɗauke da furotin kusan gram 20, kitse kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai kafin a je ga kasko, akwai magana ɗaya mai nauyi. Jatan lande na cikin abincin da jikin wasu ba ya karɓa sam, shi ya sa dokar Tarayyar Turai da ta Birtaniya ta saka shi cikin abubuwa 14 da dole a bayyana a jikin abinci, a Amurka kuma yana cikin 9. Wannan matsala tana iya bayyana ga babban mutum, ba yara kaɗai ba. Idan ba ku taɓa ci ba, ku fara da kaɗan, da rana, kuma a ce akwai wani a gida. In kuka ji ƙaiƙayi a baki, ko leɓe ya kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ku dakata ku ga likita. In numfashi ya fara sarƙewa kuwa babu jira: 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. Ku ajiye lambar a waya tun yau.

To, mu shiga kanti. Sunan da za ku gani ya danganta da inda kuka sauka. A Amurka shrimp ake rubutawa, a Ingila da Ostireliya prawns, a Faransa crevettes, a Jamus Garnelen, a ƙasashen Larabawa na Gulf rubiyan, a Masar kuma gambari. Ku wuce teburin da aka shimfiɗa shi a kan ƙanƙara ana cewa sabo ne, ku nufi wajen firiza. Yawancin abin da ake sayarwa kiwo ne daga ƙasashe irin su Indiya, Ekwado, Indunusiya da Biyetnam, kuma a can ake daskarar da shi jim kaɗan bayan an kwashe daga ruwa. Na kan teburin nan, galibi wannan daskararren ne aka narkar, kuma ba ku san tun yaushe yake kwance ba. Wanda kuka narkar da hannunku ya fi shi.

Abu na biyu, ku tabbata ɗanye kuka ɗauka. Nan ne sababbin zuwa da yawa ke yin kuskure, don dafaffen ya fi jan ido, ja ne ga kyau, ɗanyen kuma toka-toka ne. Mutum ya saya, ya je ya sake soyawa, sai ya ji kamar yana tauna roba, daga nan ya yanke hukunci cewa jatan lande ba abin ci ba ne. Dafaffen yana da amfaninsa a cikin salak ko burodi, amma ba na wuta ba ne. Kada ma ku dogara da launi kaɗai, domin akwai wani na Ajantina da ja ne tun yana ɗanye. Ku karanta leda: raw na nufin ɗanye, cooked dafaffe, peeled an ɓare, deveined kuma an cire baƙin zaren baya. Wannan zare hanjinsa ne. Ba ya cutarwa in an dafa, amma a manya yakan yi ƙasa-ƙasa a baki. Don daren aiki, ku sayi wanda aka ɓare aka cire zaren, kun huta.

Lambobin da ke jikin leda, irin 16/20 ko 31/40, su ma suna rikita mutane. Adadin jatan landen da ke cika fam ɗaya ne, wato kusan gram 454. Ke nan ƙaramar lamba, manyan jatan lande. Ni 26/30 ko 31/40 nake saya, don sun fi araha, suna saurin narkewa, kuma suna shiga kowane girki. Ku juya ledar ku duba jerin abin da ke ciki. Mafi kyau a ga jatan lande kawai, ko da ruwa da gishiri. Wasu kamfanoni suna jiƙa shi da sinadarin fosfet don ya riƙe ruwa ya yi nauyi, irin wannan da ya ji zafi sai ya saki ruwa a kasko ya ƙi soyuwa. In kuma kun ga ƙanƙara ta taru a leda, jatan landen sun dunƙule guri ɗaya, alama ce ya taɓa narkewa aka sake daskararwa, ku mayar ku ɗauki wata.

Narkarwa ba ta da wuya. Da shigowarku, tun kafin ku cire kaya, ku ɗebi abin da za ku ci, kamar gram 150 ga mutum ɗaya, ku zuba a kwano da ruwan sanyi. Minti goma zuwa sha biyar ya isa, ku canza ruwan sau ɗaya. Ban da ruwan zafi, yana dafa bayan ya bar cikin da ƙanƙara. Sannan ku tsane, ku shanya a kan takardar kicin ku goge shi ya bushe sosai. Wannan gogewa kada a raina ta. Jiƙaƙƙen jatan lande a kasko turara yake yi, busasshen ne ke kama wuta ya yi ƙamshi.

Sauran duk ilimin girkin a abu ɗaya ya taru: sanin lokacin saukewa. Kasko ya yi zafi, a zuba mai, a jera su ɗaya-ɗaya ba tare da sun hau juna ba, a bar su kada a taɓa. Bayan minti ɗaya da rabi za ku ga jan launi ya taso daga ƙasa ya kai rabin jiki, sai a juya, minti ɗaya kuma a sauke. Manya irin 16/20 su ɗauki minti biyu kowane gefe. Ku kalli siffarsa. In ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, naman ya yi fari ba a ganin duhu-duhun ɗanye a tsakiyar baya, ya nuna. In ya naɗe kamar zobe, kai ya taɓa wutsiya, ya wuce. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 63 na salshiyos, wato 145 a ma'aunin Amurka. Kuma ku sani murhun lantarki da ke yawancin gidajen haya ba ya hucewa da an kashe shi, don haka ku ɗauke kaskon gaba ɗaya, ku juye a faranti. Ku kunna fankar da ke saman murhu tun farko, na'urar gano hayaƙi ba ta da haƙuri, kuma a wasu gine-ginen ƙararta duk maƙwabta take tasa.

Girkin da na fi yi shi ne taliya da tafarnuwa. Ku ɗora ruwan taliya da gishiri daidai lokacin da jatan landen ke narkewa, ku ga aiki biyu na tafiya tare. Ku soya jatan landen kamar yadda na faɗa, ku kwashe. A cikin kaskon nan, ku rage wuta, ku saka bota cokali biyu da man zaitun cokali ɗaya, tafarnuwa ƙwaya huɗu yankakku, da ɗan busasshen barkono. Tafarnuwa rabin minti take so, da ta yi baƙi ta yi ɗaci, babu gyara. Ku ɗebi rabin kofi na ruwan da taliyar ta dahu a ciki ku zuba, ku matse rabin lemon tsami, ku juye taliyar ku yi ta juyawa har ruwan ya yi kauri ya kama jikinta. Sitacin da ke cikin ruwan ne ke haɗa mai da ruwa su zama miya. A ƙarshe jatan landen ya dawo, a juya sau biyu, a sauke. Idan kuna duba girke-girke a intanet za ku ga da yawa sun ce a zuba farar giya a wannan mataki. Lemon tsami da ruwan taliyar, ko ɗan romo, sun wadatar, ba za ku ji an rasa komai ba.

Ranar da ko taliyar ba za ku iya jira ba, ku yi irin na mutanen Sifen, wanda suke kira gambas al ajillo. Man zaitun mai ɗan yawa, tafarnuwa a yanka fale-fale, barkono, a bar su su yi ƙamshi a wuta kaɗan, a zuba jatan lande minti biyu zuwa uku, a ci da burodi ana dangwalar man. Minti biyar ke nan, kwano ɗaya za a wanke.

Soyayyiyar shinkafa kuwa ita ce maganin ragowar jiya. Shinkafar da ta kwana a firji ta fi sabuwa soyuwa, don ta bushe ta warware. Jatan lande ya fara shiga ya fita, sai ƙwai biyu a dagargaza a kwashe, sai albasa da citta da daskararrun kayan lambu na leda, irin haɗin karas da koren wake da masara, sai shinkafa a wuta mai ƙarfi, soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya, cokali biyu, a mayar da komai a watsa lawashi. Amma ku kula da ajiyar shinkafar. Akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, ta yi ta yaɗuwa in an bar tukunya a waje dare guda, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubarta. Shawarar hukumomin lafiya a Birtaniya ita ce a sanyaya shinkafa a saka a firji cikin awa ɗaya, a ci cikin kwana ɗaya.

Daren da sanyi ya shiga ƙashi, miyar madarar kwakwa nake yi. Albasa ɗaya ta yi laushi a mai, a saka tafarnuwa da citta, kori cokali ɗaya da ɗan kurkum su soyu daƙiƙa talatin, tumatir biyu ko rabin gwangwani, sai madarar kwakwa gwangwani ɗaya mai mililita 400. A bar ta ta tafasa a hankali minti takwas, a ɗanɗana gishiri. Nan ba a soya jatan landen, ɗanyensa ake zubawa a miyar, a rufe minti uku, a kashe wuta, a matsa lemon tsami. In akwai alayyafo, a watsa tafi biyu tare da shi. Kuskus ya fi komai dacewa da ita a daren gaggawa, tunda tafasasshen ruwa kawai yake so, a rufe minti biyar. Wannan miya za a iya haɗa ta tun ranar Lahadi a raba a robobi, ran aiki a ɗumama a jefa jatan lande, ya zama sabon girki.

Shi kansa jatan landen ba na so a dafa da yawa don a ajiye, saboda ɗumamawa ta biyu tana taurara shi. In ya rage, kada ya wuce awa biyu a waje, a rufe a saka a firji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku. Ɗanyen da aka narkar a ruwa kuma a dafa shi a daren, kada a mayar firiza. Duk wanda ya yi wari mai hawa kai ko ya yi yauƙi, a zubar, ba a ɗanɗanawa.

Masu zama gidan haɗaka da kicin ɗaya, ku yi wa abokan zama adalci. Ku tambaya ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓa, domin ga wasu ko cokali ko katakon yanka da ya taɓa shi ya isa ya tayar musu da ciwo. Ku wanke kasko da wuƙa da sabulu nan take. In kun sayi mai ɓawo, kada ku jefa ɓawon a kwandon shara na kicin, ɗumin hita zai sa gidan ya ɗauki wari kafin safiya, ga shi a wasu garuruwan sai bayan mako ɗaya ko biyu motar shara ke zuwa. Ku ƙulle shi a leda ku saka a firiza. Idan ya taru, ku soya shi a ɗan mai har ya yi ja, ku zuba ruwa da albasa ya tafasa minti ashirin, ku tace. Wannan romon ku dafa kuskus ko shinkafar mako mai zuwa da shi, sauran tarkacen kuma ya fita ranar kwasar shara.