Yadda za a kare sabar Linux daga kurakuran ma'ajiya a sashen sadarwa na kanel

Kanel shi ne zuciyar Linux, shi ne yake raba wa kowace manhaja rabonta na ma'ajiyar RAM, kuma duk ƙunshin bayanan da ya shigo ta waya ko ta iska sai ya bi ta hannunsa. An rubuta mafi yawansa da harshen C, wanda ba ya hana mai rubutu taɓa wurin da ba nasa ba, shi ya sa kuskure ƙarami a sashen sadarwa yake iya miƙa na'ura gaba ɗaya ga wanda bai cancanta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kanel ya saki wani wuri a ma'ajiya, amma wani sashe nasa ya ci gaba da amfani da adireshin wurin. Kamar ɗan haya ne da ya tashi daga shago a babbar kasuwar Maradi bai mayar da makulli ba, har aka ba wani shagon. Maharin yana yin dabara ya zama shi ne sabon mai shagon, ya shirya bayanan da yake so a wurin, domin idan kanel ya dawo da tsohon makullinsa ya ɗauki abin da aka ajiye masa ya yi aiki da shi. Akwai kuma sakin wuri ɗaya sau biyu, da rubutu ya zarce iyakar da aka ware masa. Irin waɗannan kurakurai suna daɗewa ba a gan su ba: CVE-2021-22555 (CVE lambar rajista ce da ake ba kowane kuskuren tsaro) da ke cikin netfilter, sashen tace bayanan sadarwa, ya shiga kanel tun 2006, sai a 2021 Andy Nguyen ya bankaɗo shi, CVE-2017-6074 na hanyar sadarwa ta DCCP kuwa ya haura shekara 10 kafin Andrey Konovalov ya gano shi da manhajar gwaji ta syzkaller.

A fara da sanin kanel ɗin da yake gudana, ta hanyar rubuta uname -r. Lambar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu suna ɗinka faci, wato gyara, a kan tsohuwar lamba, saboda haka a nemi lambar CVE a shafin tsaro na kowannensu a ga sigar da aka gyara. Daga nan a yi apt update da apt upgrade, sannan a kashe na'urar a sake kunna ta. Nan ne da yawa suke yin sakaci, musamman masu sabar da ke kan batir da hasken rana, wadda takan yi watanni ba ta mutu ba: sabon kanel yana kwance a faifai, tsohon yana ci gaba da aiki da ɓarakarsa. Idan fayil ɗin /var/run/reboot-required ya bayyana a Ubuntu, aikin bai ƙare ba. Wanda yake da kwamfutoci da yawa a ɗakin koyo ko shagon intanet, kuma tsadar data take hana shi sabuntawa, ya girka apt-cacher-ng, manhajar da ke adana sabuntawar da aka sauke, a kan guda ɗaya, sauran su riƙa ɗauka daga gare ta.

Mataki na gaba, wanda a ganina an fi raina shi alhali ya fi arha, shi ne rufe abin da ba a amfani da shi. Yawancin waɗannan kurakurai ba daga nesa ake cin gajiyarsu ba, sai mutum ya sami ƙaramin asusu a na'urar tukuna, ko ɗalibi ne ko wanda ya kutso ta shafin yanar gizo mai rauni, sannan ya yi tsalle zuwa ikon root, wato cikakken iko a kan na'urar. Haka CVE-2024-1086 na nf_tables, wani ɓangare na netfilter, yake, wanda hukumar CISA ta Amurka ta saka a jerin kurakuran da ake kai hari da su a 2024. Ƙofar da maharin yake bi ita ce damar da Linux yake ba kowane asusu ya buɗe keɓantaccen fili inda yake da ikon sarrafa sadarwa. Ana toshe ta da saita user.max_user_namespaces zuwa 0 ta umarnin sysctl, sai dai wannan ya fi dacewa da sabar, domin a kwamfutar tebur tsarin girka manhajoji na Flatpak da manhajojin shiga intanet suna dogara da wannan dama wajen killace kansu. Hanyoyin sadarwa irin su DCCP, SCTP, RDS da TIPC, waɗanda ba kasafai ƙaramin ofis yake buƙatarsu ba, a hana su loduwa da rubuta layi kamar install sctp /bin/false a cikin fayil a /etc/modprobe.d. Kada a yi wa nf_tables haka kai tsaye, domin a kansa katangar tsaro ta sababbin sigogin Debian take tsaye.

Na'urorin raba wifi da ake kafawa a unguwanni ma da yawansu kanel ɗin Linux ne a cikinsu, don haka a duba ko kamfanin yana fitar musu da sabuntawa, wadda aka daina yi wa kuma a canza ta.

Sai a riƙa karanta saƙonnin kanel da umarnin dmesg lokaci zuwa lokaci. Idan sabar ta daskare ko ta tashi da kanta alhali wuta ba ta ɗauke ba, kuma aka ga kalmar Oops tare da sunayen ayyukan da suka fara da nft ko skb, a kwafe saƙon gaba ɗaya a ajiye, a duba waɗanda suka shiga na'urar a wannan lokaci da umarnin last, sannan a canza kalmomin sirri bayan an ɗora sabon kanel.