Ɗigo-ɗigon fuska: yadda za ki gane naki da abin da ke rage shi

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran jikin amare a ƙauyenmu da ke gefen Ringim, kuma da wuya a yi biki uku ba a samu uwar da za ta ja ni gefe ta ce, "Don Allah ki goge mata ɗigo-ɗigon nan kafin ranar kai ta" ba. Kullum amsata ɗaya ce: ba dauɗa ba ce balle dilka ta kankare ta. Launi ne da ke cikin fatar, kuma rana ce take fito da shi.

Kafin ki sayi komai, ki fara sanin irin naki. Ni da hantsi nake zaunar da yarinya a bakin ƙofa inda haske yake, in wanke hannu, in bi kuncinta da ɗan yatsa. Idan ɗigon a shafe yake, bai tashi ba, girmansa kamar ƙwayar riɗi, launin ƙasa-ƙasa, ya taru a karan hanci da saman kunci, kuma tun tana ƙarama take da shi, to shi ne wanda nake magana a kai. An fi ganinsa a jikin farare. Fata tana yin wani sinadari, melanin, wanda ke ba ta launi yana kuma kare ta daga zafin rana. Wasu idan rana ta doke su sai su yi duhu bai ɗaya. Wasu kuwa, saboda gado, sai launin ya taru wuri-wuri. Shi ya sa yake ƙara fitowa da bazara da lokacin aikin gona, ya dushe idan mace ta jima a ɗaka. Ba ciwo ba ne, ba a ɗaukarsa, ba kuma alamar ƙazanta ba ce.

Idan kuwa yatsanki ya ji tudu, ɗigon baƙi ne wuluk kamar an manna ƙwayar gero a gefen ido ko a wuya, kuma sai bayan balaga ya fara fitowa, wannan daban ne. Yana da yawa a baƙar fata, gado ne shi ma, kuma babu man da ke cire shi. Kada ki sa masa reza, kada ki ɗaure shi da zare. Akwai kuma faffaɗan duhun da ke shimfiɗuwa a kunci da goshi lokacin goyon ciki ko shan ƙwayar tazarar haihuwa, da baƙin tabon da ƙuraje ke bari idan an matse su. Waɗannan biyun su ma rana tana ƙara musu duhu, don haka abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe su.

Maganin farko inuwa ce, kuma ita ce mutane suka fi rainawa don ba ta da kwalba. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi illa. Na san ba kowa ke da zaɓi ba: akwai ɗebo ruwa, akwai kai abinci gona, akwai shanyar gyaɗa. To ki ɗora malafa mai faɗin baki a kan hijabin, domin hijabi yana rufe kai da wuya amma ya bar hanci da kunci a fili, daidai inda ɗigon ke zama. Surfe da wanki ki matsar da su ƙarƙashin darbejiya ko rumfa.

Sai man kare rana. Ki nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka a jikinsa. Ki matso tsawon yatsu biyu, ya isa fuska da wuya, ki shafa da safe kafin ki fita. Gumi da alwala suna wanke shi, saboda haka idan kina waje ki sake shafawa bayan kamar awa biyu, ko bayan sallar azahar. Wasu mayukan suna barin fari-fari a fuskarmu kamar an shafa toka. Mai ɗan launin hoda ya fi dacewa da fatarmu. Yana da tsada, ban musa ba. Idan kuɗinki na abu ɗaya ne kawai, shi za ki saya, don duk man da za ki shafa da dare aikinsa banza ne matuƙar rana za ta mayar da ɗigon washegari.

Mayukan da ke rage duhun a hankali su ne masu bitamin C, ko niyasinamaid, ko asid ɗin azelaik. Ki ɗauki ɗaya tak, daga kantin magani mai rajista, kuma man ya kasance da lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Ki fara gwada shi a bayan kunne kwana biyu. In babu ƙaiƙayi ko zafi, sai fuska. Ki ba shi wata biyu zuwa uku kafin ki yanke masa hukunci, kuma ki sani dusar da ɗigon zai yi, ba share shi ba. Akwai mai ƙarfi, tiretinoyin, wanda likita ne ke rubuta shi. Da dare ake shafa kamar ƙwayar wake, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta kusantarsa.

Lemun tsami ki bar shi a kunu. Idan kin shafa shi kika shiga rana yana iya ƙona fatar ya bar tabon da ya fi na da. Kurza fuska da ƙarfi ma haka yake, don fatarmu duk inda aka ji mata ciwo da duhu take ramawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haɗi, wato man bilicin da ake haɗawa a sayar ba rubutu. Ƙanwata tana da ɗigo-ɗigon nan tun tana yarinya, kuma ni ina ganin suna yi mata kyau. Ranar wata kasuwa aka sayar mata da mai a 'yar roba mara rubutu. Sati uku fuskarta ta yi fes, kowa yana tambayarta sirrin. Bayan wata shida ta shigo ɗakina da dare ta yaye mayafi ta ce, "Yaya, duba mini, wuta fuskata take yi." Na haska ta da fitilar waya. Fatar kuncin ta yi siriri har ina ganin jajayen jijiyoyi kamar zaren lilo, ƙuraje sun feso a haɓa, gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi. In ta daina shafawa kwana biyu sai ƙaiƙayi ya hana ta barci. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Muka tafi Asibitin Malam Aminu Kano wajen likitan fata, a can na koyi yawancin abin da nake faɗa miki. Irin wannan haɗin yawanci sitiroyid ne a ciki, wanda ke sirantar da fata ya kawo nankarwa; ko haidrokwinon, wanda in aka daɗe ana shafawa yake barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani; ko zaiba, mai lalata ƙoda. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ƙanwata sai a hankali aka janye ta daga man, ta fi shekara kafin fuskarta ta dawo. In kin riga kin daɗe a kai, ki je a duba ki, a tsara miki yadda za ki daina.

A birni ana cire ɗigo da hasken leza, ko a saɓule saman fata da sinadari, masu tudun kuma a ƙone su da na'ura. Suna aiki, amma a baƙar fata kuskure kaɗan yana barin farin tabo ko baƙi, wani lokacin ma tabo mai kumburi. Likitan fata kaɗai za ki yarda ya yi miki, ba shagon kwalliya ba, kuma ki tambaye shi ya fara gwadawa a ɗigo ɗaya.

Akwai ɗigon da ba na kwalliya ba ne. Wanda yake girma, ko yake sauya launi, ko bakinsa ya karkace, ko yake jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, asibiti za a kai shi ba da jinkiri ba, musamman in a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce yake. Iyayen zabiya ku fi kowa kiyayewa: ɗigon da ke fito wa yaranku shaidar ƙunar rana ce, kuma sankarar fata ta fi kama su. Malafa, riga mai dogon hannu da man kare rana tun suna rarrafe.

Amaryar da aka kawo mini saura kwana goma biki, ga abin da nake yi mata. Ina zaunar da ita a ɗaka, dilka a jiki da hannu mai taushi, fuska kuwa sabulu mara zafi da ɗan man kaɗe in ta bushe. Ranar kamu in ɗiga mata hodar ruwa daidai launin wuyanta a kan ɗigon, in daddanna da yatsa ba tare da gogawa ba, in bi da hodar gari, sannan in sa mata kwalli.