Yadda ake shirya hutun hunturu a Val Thorens, garin wasan zamiya a kan tsaunukan Alps

Val Thorens yana yankin Savoie a kudu maso gabashin Faransa, a kan tudu mai tsayin mita 2,300 daga matakin teku, kuma shi ne garin wasan zamiya mafi tsayi a Turai, wato wasan sulalewa a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu maƙale a ƙafafu. Domin a gane girman wannan lamba, dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, ke nan ɗakin kwanan baƙo a Val Thorens bai kai ƙololuwar Chappal Waddi ba da 'yar tazara kaɗan. Wannan tsayin shi ne dalilin zuwa wurin, domin dusar ƙanƙara tana sauka da wuri kuma tana daɗewa, har ana wasa daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Mayu. Tsayin ne kuma abin da ya fi wahalar da baƙo, saboda haka kusan kowane mataki na shirin tafiyar yana komawa gare shi.

Matakin farko yana asibiti, tun kafin a nemi biza ko a sayi tikiti. A irin wannan tudu iskar da mutum yake shaƙa tana ba jiki kusan kashi uku cikin huɗu ne kawai na iskar oksijin da yake samu a bakin teku, ga kuma sanyi mai tsanani da bushewar iska da ke ƙarar da ruwan jiki. Waɗannan abubuwa uku suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, cutar da ta yawaita a cikin al'ummarmu. Mai sikila kada ya yanke shawarar wannan tafiya sai da izinin likitan da ya san tarihinsa, kuma ko wanda yake da rukunin jini AS, wanda a gida ba ya jin komai, ya kamata ya sani cewa an sha samun masu irin jininsa sun gamu da matsalar saifa a wurare masu tsayi, musamman idan suka wahalar da jiki da zarar sun iso. A ganina duk wanda bai san ko jininsa AA ne ko AS ko SS ba ya yi gwaji kafin komai. Masu ciwon zuciya, da asma, da hawan jini, da mata masu juna biyu, su ma su nemi shawarar likita. Idan likita ya nuna shakka, ba dole ne a fasa hutun ba, domin a cikin kwarin guda akwai Les Menuires a mita 1,850 da ƙauyen Saint-Martin-de-Belleville a mita 1,450, inda kwana ya fi sauƙi ga jiki.

Bayan lafiya sai zaɓen lokaci. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da makonnin hutun makarantun Faransa a Fabrairu, su ne lokutan da farashi ke tashi kuma layi ke tsawo a ko'ina. Janairu ya fi araha amma ya fi sanyi, kuma rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Ga wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu ya fi dacewa, domin yini ya yi tsawo, sanyi ya ɗan sassauta, kuma saboda tsayin wurin dusar tana nan da kyaunta. Musulmi ya duba inda watan Ramadan ya faɗo a shekarar, domin haɗa azumi da motsa jiki na yini guda a cikin busasshiyar iskar tudu abu ne mai wuya ƙwarai.

Faransa tana cikin yankin Schengen, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar ɗan gajeren zama. Ana fara cike takardun a shafin France-Visas, ana iya nema tun watanni 6 kafin tafiya, kuma kuɗin bizar babba yuro 90 ne. Dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla watanni 3 bayan ranar dawowa, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, alhali inshorar biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin da aka samu a wasan zamiya. A Faransa ma'aikatan ceto da ke sauko da wanda ya ji ciwo daga kan dutse ana biyan su, kuma idan abin ya kai ga jirgi mai saukar ungulu kuɗin yana da yawa. A karanta takardar inshorar a tabbatar ta ambaci wasannin hunturu, ko kuma a ƙara inshorar Carré Neige, wadda ake sayarwa tare da katin hawa, wato katin shiga injinan da ke haurawa da mutane kan dutse, a garuruwan Savoie a kan 'yan yuro kaɗan a kowace rana.

Hanyar zuwa ba ta da rikitarwa. Wanda ya sauka a Faris zai iya hawa jirgin ƙasa daga tashar Gare de Lyon zuwa garin Moûtiers da ke gindin kwarin, daga nan motar safa ta haura da shi kimanin kilomita 37 a kan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, tafiyar kusan awa ɗaya. Wanda ya sauka a filin jirgin Jeniba ko Liyon zai samu motocin da ke kai baƙi kai tsaye cikin kimanin awa uku. Ban ba baƙo shawarar ya yi hayar mota ya tuƙa da kansa ba, domin doka ta tilasta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a wannan yanki daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma a cikin garin ba a barin mota a bakin titi, sai a garejin da aka biya. Mafi yawan gidajen haya suna karɓar baƙi daga Asabar zuwa Asabar, shi ya sa hanyar take cunkushewa a wannan rana. Mai hali ya kwana ɗaya a Moûtiers ko wani gari na ƙasa kafin ya haura, jikinsa zai gode masa.

Maganar tufafi tana buƙatar natsuwa, domin wanda ya saba da sanyin hunturu na Kano ko Damagaram yakan zaci maganin sanyi shi ne babbar riga mai nauyi guda ɗaya. Abin da ke aiki a can shi ne sawa hawa uku. Na jikin fata ya zama na ulu ko na yadin roba mai fitar da gumi, kada ya zama auduga, saboda auduga tana shan gumi ta riƙe shi, kuma da zarar mutum ya zauna a kujerar da ke hawa da shi kan dutse, jiƙaƙƙiyar rigar sai ta koma kamar ƙanƙara a bayansa. Na biyu suwaita ce mai riƙe ɗumi, na uku kuma jaket da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Sai safar hannu mai kauri da ba ta shan ruwa, da abin rufe wuya da hanci, da doguwar safa ta musamman. Mace mai sa hijabi za ta samu sauƙi da ɗan kwali mai kama kai wanda hular kwano za ta zauna a kansa, a cusa jelarsa cikin jaket, domin duk wani abu mai lilo yana iya maƙalewa a injin hawa. Kada a manta da tabarau mai tare hasken rana da man shafawa na kariya. Ƙarfin hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000, sabuwar dusa kuma tana mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken zuwa fuska. Baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe yana tsagewa, ido kuma yana iya yin ciwo mai zafi na kwana ɗaya ko biyu idan aka bar shi tsirara.

Ranar isowa ranar hutu ce. Mutum zai lura cewa hawa matakala goma da jaka a hannu ya sa shi haki, kuma da dare barci zai iya yankewa, ya farka da bushewar maƙogwaro ko ɗan ciwon kai. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu idan ana shan ruwa sosai, ana cin abinci mara nauyi, ba a kuma gaggawar hawa can sama. Amma idan ciwon kai ya ƙi jin magani, ko aka fara amai, ko numfashi ya yi wuya alhali mutum yana zaune, ko tafiyarsa ta koma tangaɗi, ko kuma ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, to a nemi likita nan take kuma a sauka ƙasa. Akwai wurin likita a cikin garin, lambar gaggawa kuma 112 ce. Motar waya da ke kai mutane ƙololuwar Cime Caron, wajen mita 3,200, inda ake hango dutsen Mont Blanc idan gari ya yi garau, a bar ta sai kwana na uku ko na huɗu.

Da yammacin wannan rana ake zuwa shagon hayar kaya. Mai shago zai tambayi tsayi da nauyi da ƙwarewa, kuma a gaya masa gaskiya, domin da waɗannan ne yake daidaita maƙalin da ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi, wanda shi ke rage haɗarin karayar ƙafa. Takalmin shi ne ya fi komai muhimmanci. A gwada shi da safa guda ɗaya tak, ba a ninka biyu, kuma ba a cusa ƙafar wando a ciki. Idan mutum ya miƙe tsaye yatsunsa su ɗan taɓa gaban takalmin, idan ya lanƙwasa gwiwa ya tura ƙwauri gaba su ja baya kaɗan, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Takalmin da ya yi daɗi kamar silifas ya yi yawa, wanda kuma ya sa yatsu suka mutu cikin minti goma ya yi kaɗan, kuma shagon zai canza shi ba tare da wata damuwa ba ko da washegari ne. A karɓi hular kwano tare da sauran kayan.

Val Thorens yana cikin yankin Les 3 Vallées tare da Méribel da Courchevel, wanda hanyoyin zamiyarsa suka kai kilomita 600, amma sabon shiga ba shi da buƙatar katin da ya haɗa duk wannan. A tsakiyar garin akwai filin koyo mai shimfiɗa mai tafiya da kanta, wadda mutum yake tsayawa a kai ta haura da shi, kuma malami zai faɗi ranar da ya kamata a sayi babban kati. Ana sa katin a aljihun hagu na jaket, nesa da wayar hannu, ƙofar hawa tana karanta shi da kanta.

Koyo a hannun malami wajibi ne a ganina, ko da akwai aboki da ya iya. Malaman ESF, makarantar koyon wasan zamiya ta Faransa, masu jajayen kaya, da sauran makarantun garin suna koyarwa da Faransanci da Ingilishi, kuma a lokacin cunkoso sai an yi rajista tun daga gida. Darasin farko shi ne yadda ake haɗa kawunan allunan biyu a buɗe bayansu domin rage gudu da tsayawa, sai yadda ake faɗuwa ta gefe da yadda ake tashi. Hanyoyin suna da launi huɗu bisa wahalarsu: kore, shuɗi, ja, baƙi. Mai mako guda ya tsaya a kore, idan malami ya yarda ya gwada shuɗi. Dokar hanya ita ce wanda yake gaba ko ƙasa shi ke da haƙƙi, na baya ne zai kauce masa, kuma ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko a bayan tudu inda masu saukowa ba sa gani. Wajen sandunan da ke nuna iyakar hanya ba wurin sabon shiga ba ne ko kaɗan, domin a can ne dusa take zaftarewa, kuma ana sanar da haɗarin hakan kullum a ma'auni daga 1 zuwa 5. Wani abin lura shi ne garin ya wuce iyakar da bishiyoyi ke tsirowa, don haka ranar da hazo ya sauko sama da ƙasa duk fari ne, mutum ba ya bambance gangare da tudu. Irin wannan rana a zauna a gida ko a tafi wurin iyo na cikin gari.

Abincin Savoie na cuku ne da dankali, amma Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci. Tartiflette tana ɗauke da yankakken naman alade, raclette ana kawo ta da busasshen naman alade a gefe sai dai a ce a cire, fondue kuma da giya ake narka cukunta. Hayar ɗaki mai madafa ta fi sauƙi kuma ta fi araha, musamman idan aka yi sayayya a Moûtiers kafin a haura, inda kaya suka fi rahusa. Mai dafa shinkafa ko wake ya ƙara lokaci da ruwa, saboda a wannan tsayi ruwa yana tafasa a wajen digiri 92. Lokutan salla a tsakiyar hunturu suna matsowa kusa da juna, don haka ya fi kyau a kama ɗaki kusa da filin koyo, yadda za a iya komawa a cire takalmi a yi alwala da ruwan ɗumi a lokacin hutun rana.

A ranar ƙarshe ana mayar da kayan haya da yammacin Juma'a, a haɗa jaka tun da dare. Idan jirgin sama na ranar Asabar ne, a zaɓi wanda zai tashi da yamma ko da dare, a kuma kama motar da ke sauka da sassafe, domin hanyar zuwa Moûtiers guda ɗaya ce, kuma idan dusa ta zuba cikin dare tafiyar awa ɗaya tana iya zama awa uku.