Darasi na 9: Yaron da aka ce ya zauna gida

A wani ƙauye a ƙasar Ringim akwai wani yaro ɗan shekara bakwai. Shan-inna ta taɓa masa ƙafa tun yana goye. Kullum da safe yana bakin zaure, yana kallon sa'o'insa suna wucewa makaranta. Babansa ya taɓa kai shi firamare. Hedimasta ya dubi ƙafar, ya ce, "Malam, sai haƙuri, ba mu da wurin irinsu." Uban ya ce to, ya ɗora ɗansa a keke suka juyo.

Bai kamata ya ce to ba.

A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta ba su karatu kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara. Wanda ya nuna musu bambanci, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin kuwa ya cika tun 2024.

To, me yaron nan yake buƙata? Kansa lafiya lau. Matakala biyu ce kawai a ƙofar aji ta tsare shi. Magini zai mai da ita gangara da buhun siminti ɗaya ko biyu, kuma har tsofaffi sai sun ji daɗinta ranar zaɓe. Sai a ba shi benci kusa da ƙofa. Mai ƙarancin ji a zaunar da shi gaba, inda zai riƙa ganin bakin malam. Makaho ne yake buƙatar malami na musamman da rubutun makafi, irin wanda ake koyarwa a Tudun Maliki cikin Kano.

In an mayar maka da ɗa, koma tare da mai unguwa ko wani daga kwamitin kula da makaranta. In abin ya faskara, kai takarda ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka riƙe kwafi ɗaya a aljihu.

Aikin gida: rubuta wannan takarda da hannunka, layi biyar. Sa sunan yaron, da shekarunsa, da ranar da aka mayar da shi.