Darasi: Yadda Ake Zaɓen Wincin Lantarki Don Tirelar Jirgin Ruwan Teku

Winci shi ne injin da ake ɗaurawa a gaban tirela, wato amalanken da mota ke ja don ɗaukar jirgin ruwa, ya naɗe igiya ya jawo jirgi daga ruwa. Masu wannan aiki a bakin teku, kamar a Legas ko Tema, sun san cewa gishiri ya fi nauyi saurin kashe winci. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Duk da haka, da nauyi ake fara lissafi.

Ka haɗa nauyin jirgi, da injinsa, da mai, da kaya. Misali, jirgi kilo 600, inji kilo 130, fetur lita 100 wato kusan kilo 74, sauran kaya kilo 100. Jimla ta kai kilo 904. Idan tirelar mai ƙananan tayoyi ce da jirgi ke birgima a kai, winci mai ƙarfin jan wannan nauyi ya isa. Idan kuwa katako ne mai kafet, ko gangaren bakin ruwan ya yi tsayi, ƙara rabin nauyin a kai, ka nemi mai jan kusan kilo 1,350. A jikin kwali za ka ga an rubuta 3,000 lb, domin laba ɗaya kilo 0.45 ce.

A nan ake yaudarar mai saye. Lambar da ke jikin kwali ƙarfin winci ce lokacin da igiya take zagayen farko a kan ganga, wato ƙarfen da take naɗewa a kai. Yayin da igiya ke taruwa, ƙarfi yana raguwa, kuma a daidai lokacin ne jirgi ya bar ruwa ya sauke dukkan nauyinsa a kan tirela. Wasu kamfanoni ma nauyin abin da ke birgima suke rubutawa, wanda ya fi ainihin ƙarfin ja yawa. Ka tambayi wanne ne.

Sai batun gishiri. Nemi winci mai alamar IP67: ƙura ba ta shigarsa, kuma yana jure nitsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Kusoshi da ƙugiya su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316, domin ya fi 304 jure gishiri. Idan tirelar ta alminiyam ce, sa giris ko zoben roba tsakaninta da kusoshin. In ba haka ba, ruwan gishiri zai sa alminiyam ɗin ya ci, ka ga farin gari a gindin ƙusa.

Igiyar ƙarfe tana tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani, har silinta su tsinke su yanki hannu. Igiyar roba mai ƙarfi ko ɗamara mai faɗi ba sa tsatsa, sun fi dacewa da teku, sai dai yashi da rana suna cinsu. Kowace ka zaɓa, kada ka warware ta duka. Bar zagaye biyar a kan ganga.

Wincin yana aiki da batirin mota mai volt 12. Yi amfani da waya mai kauri irin ta jirgin ruwa, ka sa fiyus kusa da batir, ka bar injin mota a kunne yayin ja. Siririyar waya tana zafi, ƙarfi ya faɗi. Kada ka sayi wanda ba shi da birki da hannun juyawa na ko-ta-kwana, saboda batir na iya mutuwa jirgi yana rabin hanya.

Idan jirgi ya hau, ɗaure hancinsa da sarƙa daban, kada ka bar wa winci riƙonsa a kan titi. Kowace fita, ɗauraye winci da igiya da ruwan daɗi, ka bari su bushe kafin ka rufe.

Aiki: jirgi da kayansa sun kai kilo 1,200, tirelar kuma mai katako ce. Winci mai jan kilo nawa za ka nema?