Kurakuran ɗalibin likitan dabbobi da ya dawo hutu daga waje

Ɗalibin da ke karatu a Masar, Indiya ko Turai, in ya dawo hutu Bauchi ya manne wa wani asibitin dabbobi, abin da ya fara kayar da shi shi ne nauyin saniya. Idonsa ya saba da shanun madara na Turawa masu kilo 600, alhali Bunajin da ke rugagen Alkaleri da yawansu ba sa wuce kilo 250 zuwa 350. Sai ya ƙiyasta da ido, ya zuƙo magani ninki biyu.

Gyaran yana aljihu: tef irin na tela. Auna kewayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duk da santimita. Ninka kewayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 10,840. Ƙirji 150, tsawo 125, ka samu kusan kilo 260. Oxytetracycline mai dogon aiki na kashi 20 cikin ɗari, mil 1 ne ga kowane kilo 10, wato mil 26 ke nan, kuma a raba shi wuri biyu cikin tsoka. Wanda ya ɗura shi wuri guda zai bar kumburi, makiyayi kuma ba ya mance likitan da ya kumbura masa saniya.

Na biyu, mance sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa dabbobi. A ƙasashen da babu tsando, shafi biyu ake yi masa a littafi a wuce. A nan kuwa, musamman garken da ya yi kiwo kusa da dajin Yankari, saniya mai rama, gashi a tashe, ido na hawaye, sai ka ɗaga fatar idonta. In ka ga ta yi fari, ɗebi jini daga jijiyar kunne a duba kafin a ce tsutsar ciki ce. Ƙullin diminazene, maganin sammore, mai giram 2.36 ana narka shi a ruwa mil 12.5, ya ba da mil 15, na saniya mai kilo 300. Kada a kai shi jikin raƙumi.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ɗalibai ke jin nauyin yi wa makiyayi: "Baffa, me aka riga aka yi mata?" Da wuya a kira likita ba a gwada allurar kasuwa ba. A tambaya cikin ladabi, bayan gaisuwa, a kuma ce ya kawo kwalbar. Sau da yawa a jakarsa take.

Auna zafin jiki da tsakar rana a watan Afrilu ma ɓata lokaci ne. Dabbar da ta sha rana za ta haura digiri 39.5 ba zazzaɓi. A auna da sassafe, ko bayan ta huta a inuwa.

A ruga babu kejin ƙarfe na matse shanu. Igiya ce da turke da mai dabbar. Bar shi ya kama, muryarsa ta sani, kai ka tsaya inda ƙaho ba zai kai ba. Masu gaggawar kwantar da ita da xylazine su tuna adadin saniya kusan kashi ɗaya cikin goma ne na doki.

Sai kariyar kai, wadda aka fi sakaci da ita don kada a ce ɗan boko na ƙyama. Bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, na kama mutum, don haka ba a taɓa ɗan da aka ɓarar ko mabiyiya sai da safar hannu mai kaiwa kafaɗa. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, ba a farke ta, ba a fiɗe ta, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ɗalibi dai bai da rajistar majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa tukuna, saboda haka duk maganin da zai bayar, likitan da yake bi ya gani kafin allura ta shiga.