Kurakuran da tsohon soja ke yi wajen kare iyalinsa daga 'yan daba

Wanda ya sha wuya a Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ko ya kwana a dajin Sambisa, idan ya ajiye kaki ya dawo ƙauye sai ya ga yaro mai barandami ba abin tsoro ba ne. Ni ma haka na gani da na dawo garinmu a ƙasar Gezawa, kuma na ji a jikina.

Babban kuskurenmu shi ne ɗaukar daba abin birni, na Ƙofar Mata da Ɗorayi. Alhali 'ya'yanmu ne ke tafiya cirani bayan kaka, wani dako a kasuwar Dawanau, wani yaron mota. Damina ta faɗi su dawo da abin da suka koyo. Kai kana gadin ƙofar gida, ɓarna ta riga ta shiga ɗakin samari. Duba idon yaronka da safe. Duba wayar da ba kai ka saya masa ba, da abokan da ba a kiransu da sunan yanka. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwaya da sholisho suna nan har a ƙauye.

Idan muka gano, sai mu ɗauko horon bariki. Ranar da na tsinci ƙwaya a aljihun ɗana na sa shi tsallen kwaɗo a tsakar gida, ƙannensa suna kallo. Kwana 9 ban sa shi a ido ba. Uwarsa ce da kawunsa suka dawo da shi, ba bulalata ba. Yaron da ka wulaƙanta a gida, a daba zai samu wanda zai ce masa "shigo, ɗan'uwa". Zauna da shi bayan isha'i, ku biyu kaɗai. Ka saurari uwarsa, ta fi ka sanin motsinsa. Ka damƙa shi hannun mai sana'a da ka yarda da shi, in shaye-shayen ya yi nisa ka nemi masu ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA.

Sai maganar bindiga. Dokar makamai ta 1959 ba ta ware tsohon soja ba, riƙe ta ba lasisi laifi ne. Fita kai kaɗai da dare ma ganganci ne. A fagen fama akwai mai tsare maka baya, a nan babu. 'Yan daba kuma ba sa manta ramuwa: in ka ji wa ɗaya rauni, sai ranar da ka tafi tantance fansho su zo wa iyalinka. Kai ƙwarewarka wurin mai unguwa da dagaci, ka tsara wa 'yan sintiri rabon dare da usur da tocila. Lambar DPO da lambar kiran gaggawa ta 112 su kasance a wayar kowa a gidan.

In an kama ɓarawo kada ka bari a taru a kansa, balle ka fara ɗaga hannu. Ya mutu, sunanka za a fara kira. A miƙa shi ga 'yan sanda.

Yaran da ke shiga Kano karatu ko kasuwa kuwa, daina ce musu ɗan soja ba ya gudu. Ka faɗa musu da bakinka: in an zaro wuƙa an ce kawo waya, su miƙa, su dawo gida kafin magariba.